Babi na Biyar: Motocin Bayan Yaƙi da Jikokinsu na Yau

A shekarar 1953 wani kamfani mai suna Iso, da ke Bresso a gefen birnin Milan na Italiya, ya fito da wata mota da ba a taɓa ganin irinta ba. Kafin nan firji da ƙananan babura aka san shi da ƙerawa. Mai kamfanin Renzo Rivolta ne, motar kuwa Isetta. Ƙofa ɗaya gare ta, kuma ƙofar ita ce gaban motar baki ɗaya. In ka murɗa mariƙi ka ja, gilashin gaba da sitiyari duk sai su biyo ƙofar waje. Ka taka ka shiga, ka juya ka zauna, ka jawo ƙofar, sitiyari ya dawo gabanka. Benci ɗaya ne a ciki mai cin mutum biyu, ko biyu da ƙaramin yaro in an matsa. Tsawonta mita 2.29, kuma tayoyinta biyu na baya sun kusa haɗuwa da juna.

Italiyawa ba su saye ta sosai ba, don Fiat ta riga ta kama kasuwarsu. A Jamus ne arzikin Isetta ya buɗe. A lokacin kamfanin BMW na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi: manyan motocin alfarma da yake ƙerawa ba su da masu saye, cinikin baburansa kuma ya fara ja da baya. Sai ya sayi lasisin Isetta, ya cire injin Italiya ya saka nasa na babur, mai silinda ɗaya, cc 247, mai ƙarfin doki 12. Daga 1955 zuwa 1962 BMW ya ƙera Isetta 161,728. Farashinta na farko mak 2,580 ne, iyakar gudunta kilomita 85 a awa, nauyinta wajen kilo 350. Wannan 'yar mitsitsiyar mota na cikin abubuwan da suka riƙe kamfanin har ya tsallake shekarar 1959, lokacin da saura ƙiris a sayar da shi ga Daimler-Benz.

Mai kallon hotunan irin waɗannan motoci a yau yakan ɗauka abin wasa ne, ko ƙwalisar masu kuɗi. Ko kusa. Waɗanda suka saye su mutane ne da suka fito daga yaƙi, garuruwansu a rushe, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Abin hawan ma'aikaci a Jamus ta farkon shekarun 1950 keke ne ko babur, kuma wanda ya san hunturun ƙasar ya san me ake nufi da hawa babur da asuba cikin ruwa da ƙanƙara, balle a goyo mata da ɗa. Abin da mutumin nan yake nema rufi ne a kansa da gilashi a gabansa, a kan kuɗin da bai fi na babur da nisa ba. Akwai kuma maganar doka. Tsohon lasin tuƙi mai daraja ta huɗu a Jamus ya halatta wa mai shi tuƙa duk abin da injinsa bai wuce cc 250 ba, don haka dubban masu babur suka koma Isetta ba tare da sun sake jarrabawar tuƙi ba. Wannan ne dalilin da injin farko ya tsaya a 247. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu yi ta haɗuwa da shi: girman ƙaramar mota, tun daga wancan zamani har gobe, doka ce take yanka shi kafin injiniya ya ɗauki alƙalami.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya a wannan fage shi ne na Fritz Fend. Injiniyan jiragen sama ne, yaƙi ya ƙare ya bar shi ba aiki, ƙasar kuma cike take da sojojin da suka rasa ƙafafu. A Rosenheim ya fara haɗa musu wani keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, daga baya ya saka masa ƙaramin inji da rufi. Sai ya lura masu lafiya ƙalau ma suna zuwa saye. Ya tafi wurin Willy Messerschmitt, wanda masana'antarsa ta ƙera jiragen yaƙin Jamus, kuma a lokacin an haramta masa ƙera jirgi. A masana'antar Regensburg aka fito da KR175 a 1953, sannan KR200 a 1955. Direba a gaba, fasinja a bayansa, rufin roba mai kama da gilashi yana buɗewa ta gefe, abin tuƙin kuma ya fi kama da kan babur. Injin KR200 cc 191 ne, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ba ta da giyar ribas. In za ka koma baya sai ka kashe injin, ka sake tayar da shi yana juyawa a baibai, giyoyin nan huɗu na gaba su zama na baya. An ƙera wajen 40,000 kafin a daina a 1964. Mota ce da ta samo asali daga keken guragu, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa bukata ce ta haife ta ba.

Heinkel, shi ma maƙerin jirage, ya yi tasa mai ƙofa a gaba a 1956. Hans Glas na Dingolfing ya yi Goggomobil, wadda ta fi su kama da mota sosai, ya kuma sayar da fiye da 280,000 tsakanin 1955 da 1969. A Birtaniya rikicin mashigin Suwez na 1956 ne ya buɗe musu kasuwa, don daga Disamban wannan shekara har Mayun 1957 da kati ake sayen fetur. Aka fara harhaɗa Isetta a Brighton, cikin tsohon wurin gyaran jiragen ƙasa wanda ko hanyar mota ba ta isa gare shi ba: kayan haɗi su zo a jirgin ƙasa, motoci su fita a jirgin ƙasa. Turawan Ingila suka cire mata taya ɗaya ta baya, saboda dokarsu na lissafa mai taya uku a sahun babur wajen haraji. Ƙarshen ƙanƙanta kuwa ita ce Peel P50 ta tsibirin Man, wadda aka yi daga 1962 zuwa 1965: kujera ɗaya, fitilar gaba ɗaya, inji cc 49, nauyi kilo 59. Ita ma ba ribas, sai dai ka fito ka kama mariƙin da ke bayanta ka juya ta da hannu. Wajen hamsin kawai aka yi, ana sayarwa fam 199. A 2016 an yi gwanjon ɗaya a Amurka a kan dala 176,000.

Zamaninsu bai yi tsawo ba, kuma ba wata doka ce ta kashe su ba. Da babu gara ba daɗi, in ji Hausawa, amma da mai daɗin ta samu sai kowa ya koma mata. Albashi ya tashi a Jamus, Volkswagen Beetle ta shigo hannun ma'aikaci. A 1957 Fiat ta fito da sabuwar 500 ta Dante Giacosa, tsawon mita 2.97, silinda biyu, taya huɗu da ƙofofi a gefe. A Ingila shugaban kamfanin BMC, Leonard Lord, wanda ya tsani ganin ƙananan motocin Jamus a titunan ƙasarsa, ya sa Alec Issigonis ya zana abin da zai kore su. Issigonis ya kwantar da injin a gicciye, ya cusa giya a ƙarƙashinsa, ya tura tayoyi can kusurwoyi huɗu, sai ga mutum huɗu sun zauna cikin mota mai tsawon mita 3.05. Mini ke nan, ta watan Agustan 1959. Wanda zai iya sayen wannan, me zai sa ya ci gaba da shiga mota ta gaba?

To, yanzu mu ajiye su gefe da na yau. Sunayen nan biyu, Mini da Fiat 500, suna nan a kasuwa, don haka auna su ba wuya. Tsohuwar Fiat 500 nauyinta wajen kilo 500 ne. Wadda aka sake fitarwa a 2007 ta kai mita 3.55, nauyinta ya doshi kilo 900, mai lantarki ta 2020 kuwa, wadda ke da babban batir, tana wajen kilo 1,300. Mini ta 1959 kilo 600 ce ko kusa da haka. Ta yau ta ninka wannan, ta kuma ƙara fiye da santimita 80 a tsawo. Abin da ake kira ƙaramar mota a yau, kamar Kia Picanto da muka saba gani, ya kusa nauyin Isetta uku.

Ina nauyin ya tafi? Kaso mai yawa ya tafi wajen tsare rai, kuma a nan ba ni da wata ƙorafi. Ina ƙaunar tsofaffin motocin nan, amma ba zan so ɗana ya hau babban titi a cikin ɗaya daga cikinsu ba. A Isetta, tsakanin gwiwar direba da abin da zai kara da shi babu komai sai falle ɗaya na ƙofa. In aka yi karo ta gaba ƙofar ta maƙale, mafita ɗaya ita ce rufin tamfol da ke sama, shi ya sa ba a yin Isetta sai da shi. Ba bel, ba jakar iska, birki na ganga ne, fitilu ba su da ƙarfi. A shekarun da waɗannan motoci ke tashe ne ma ake ƙirƙiro dabarun da suka ceci miliyoyin rayuka daga baya. Béla Barényi na Mercedes ya yi rajistar tunanin nan na a bar gaba da bayan mota su lanƙwashe su shanye bugu, ɗakin fasinja kuma ya tsaya da ƙarfi, aka fara aiki da shi sosai a 1959. A wannan shekarar Volvo ta fara saka bel ɗin Nils Bohlin mai ratsa kafaɗa da ƙugu. Dabarar Barényi tana bukatar fili, wato hanci mai tsawon da zai murƙushe kafin bugu ya iso ga mutum, kuma mota mai mita biyu da 'yan kai ba ta da inda za ta samo wannan fili. Tun da hukumar Euro NCAP ta fara buga sababbin motoci da bango tana ba su taurari a 1997, mai saye a Turai ya koyi tambayar taurari nawa kafin ya tambayi launi.

Ta fuskar mai, lissafin ya fi ban mamaki. Isetta na shan lita uku zuwa huɗu a kilomita 100. Ƙaramar motar fetur ta yau na shan wajen lita biyar. Shekara saba'in na bincike ya sa inji ya ƙware ƙwarai wajen tatsar ƙarfi daga kowane ɗigon mai, amma ribar ta tafi wajen jan ƙarin ƙarfe, da na'urar sanyaya ɗaki, da gudun da ya ninka na da. Sai dai kada a ruɗu da ƙarancin shan man tsofaffin. Hayaƙin da Messerschmitt ɗaya ke fitarwa, da injinta mai ƙona baƙin mai, ya fi na motocin zamani da yawa dauɗa, don na yanzu na ɗauke da matatar hayaƙi a salansa, abin da ya zama dole a Turai tun farkon shekarun 1990.

Inda na rabu da masu cewa ci gaba ne zalla shi ne nan: ba duk ƙibar motar yau ce ta tsaro ba, wani ɓangarenta na tsoro ne. In motoci biyu suka yi gaba-da-gaba, ɗaya ta ninka ɗaya nauyi, girgizar da mutanen cikin ƙaramar za su sha ta ninka ta na cikin babbar, komai kyan ƙirarta. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwada haka a fili, ta haɗa Smart Fortwo da Mercedes C-Class. Smart mota ce da aka gina da kejin ƙarfe mai ƙarfi, ta kuma yi abin kirki a gwajin bango, amma a wannan karo sai da ta tashi sama ta wulwula. Kowane magidanci ya fahimci darasin ko bai ga hoton ba. Maƙwabci ya sayi jif, kai ma ka sayi jif don kare iyalinka daga tasa, na bayanku ya nemi wadda ta fi. Yau fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Turai masu tudu ne irin na jif, kuma ƙungiyar Transport & Environment ta nuna a 2024 cewa faɗin sabuwar mota a can na ƙaruwa da santimita ɗaya duk shekara biyu. Titi kuwa bai ƙara faɗi ba, kuma yaron da ke tsallaka shi bai ƙara ƙwari ba. Tsaron da na cikin babbar mota ya saya, wani ne a waje yake biyan wani kaso na kuɗinsa.

Ana cikin haka ƙananan na gaske suna ɓacewa daga kasuwa. Kayan tsaro da na tace hayaƙi kusan kuɗi ɗaya suke ci a ƙarama da babba, ribar ƙarama kuwa kaɗan ce, sai kamfanoni suka riƙa janye jiki. Ford ta rufe Fiesta a 2023, Volkswagen ta rufe up! a wannan shekarar, Smart Fortwo da aka fara a 1998 da tsawon mita 2.5 ta tsaya a 2024. Toyota iQ, wadda ta cusa jakunkunan iska tara cikin jikin da bai cika mita uku ba har ta sami taurari biyar, ta nuna ana iya yin ƙarama mai tsaro, amma tsadarta ta hana ta kasuwa. Tata Nano ta Indiya ta bi ɗaya hanyar, ta araha, rupi 100,000 a 2009, don a sauko da iyali daga kan babur. Niyyar irin ta Isetta ce sak. Amma an tallata ta da sunan mota mafi araha a duniya, kuma ba mai son a nuna shi da yatsa a ce ga mai motar talaka; Ratan Tata da kansa ya yarda wannan talla kuskure ne. A 2018 aka daina ta.

Lantarki ya sake buɗe ƙofar da aka zaci ta rufe. Citroën Ami, da ake ƙerawa a Kenitra ta Maroko tun 2020, tsawonta mita 2.41, nauyinta bai kai kilo 500 ba, gudunta ya tsaya a kilomita 45 a awa, caji ɗaya na kai ta wajen kilomita 75. Don rage kuɗi, gabanta da bayanta ƙira ɗaya ne, ƙofofinta biyu ma haka, shi ya sa ta direba ke buɗewa ta baya, ta fasinja ta gaba. Fend da Rivolta da sun gane wannan dabara nan take. Microlino ta wasu 'yan Suwizalan, da ake haɗawa a Turin, ta dawo da ƙofar gaba irin ta Isetta. A Sin, Wuling Hongguang Mini EV ta fito a 2020 a kan yuwan 28,800, kujera huɗu cikin mita 2.92, kuma cikin 'yan shekaru an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Amma a lura da yadda Ami da Microlino suka sami damar zama ƙanana: a dokar Turai ba a lissafa su a motoci, wani aji ne na daban mai taya huɗu wanda ba a tilasta masa gwajin karo irin na mota. A Faransa ɗan shekara 14 na iya tuƙa Ami. Da Euro NCAP ta gwada motocin wannan aji a 2014 da 2016, sakamakon bai yi kyau ba. Ramin doka da Isetta ta bi a 1955, shi jikokinta suke bi yau, kuma mai saye ya cancanci a gaya masa haka ƙarara.

Ƙasar da ta fi ɗaukar ƙaramar mota da muhimmanci har ta gina mata gida a cikin doka ita ce Japan. Tun 1949 ta ware ajin da take kira kei. Subaru 360 ta 1958, wadda ita ma magadan wani kamfanin jiragen yaƙi suka ƙera, ita ce ta fara kai shi gidajen talakawa. An yi ta gyara ƙa'idar har ta tsaya a inji cc 660, tsawo mita 3.4, faɗi mita 1.48. Wanda ya sayi irin wannan mota yana samun lamba mai ruwan ɗorawa, harajinsa da inshorarsa su ragu, a ƙauyuka da dama kuma a ɗauke masa sharaɗin nuna wurin ajiye mota kafin rajista. Ba a yafe musu gwajin karo ba, suna da bel da jakar iska kamar kowace mota. Sakamakon shi ne fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin Japan kei ne, Honda N-Box kuma ta yi shekaru tana kan gaba a ciniki. Direban kei ba ya jin kansa a tsakiyar ƙattai, don na gabansa da na bayansa sau da yawa irin tasa suke ja. Subaru 360 ɗin nan dai, da aka kai ta Amurka a 1968 ta shiga tsakanin manyan motocinsu, mujallar Consumer Reports ta yanke mata hukuncin cewa ba ta dace a hau ba. Motar ba ta canja ba, titin ne ya canja. A ganina wannan ne ainihin abin da tarihin nan ke nunawa: amincin ƙaramar mota rabi a jikinta yake, rabi a abin da aka bari ya yi gudu kusa da ita.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, don zuriyar motocin bayan yaƙi tana kan titunanmu ko ba mu san asalinta ba. Hijet da ke dakon kaya da mutane a garuruwa da ƙauyukan Arewa motar kei ce ta kamfanin Daihatsu, an yanka ta daidai da waccan doka ta Japan. A Daidaita Sahu kuwa kakanta Piaggio Ape ce ta 1948. Piaggio ma jirage yake ƙerawa kafin bama-bamai su rushe masana'antarsa ta Pontedera, kuma injiniyan jirage Corradino D'Ascanio, wanda ya zana Vespa, shi ne ya fito da mai taya ukun. Bajaj na Indiya ya karɓi lasisin Piaggio, daga can ta iso mana. Injinta wajen cc 200 ne, kusan daidai da na Messerschmitt, kuma aikin da take yi shi ne wanda Isetta ta yi wa Bajamushe: ta sauke mutum daga babur ta sa masa rufi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ita ce ƙafar birnin, ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mai naƙuda asibiti.

Raunin ma iri ɗaya ne, har ya fi, don ba ƙofa, ba bel, ga fasinja a gefen direba, ga tifa da tirela suna bi ta jikinta. Ba za mu iya mayar da ita motar ƙarfe mai taurari biyar ba, kuma hana ta ba tare da madadi ba zaluntar talaka ne. Abin da ke hannunmu shi ne ɗaya rabin, wato titin. Masu tsara biranenmu su ware wa masu taya uku layinsu a manyan hanyoyi, su ƙayyade gudu a cikin gari su kuma tsaya a kan ƙa'idar, su sa wa manyan motocin kaya lokacin shiga da ba zai haɗu da fitar 'yan makaranta ba. Kai kuma mai karatu, in kana bayan sitiyarin babbar mota ka hango A Daidaita Sahu a gabanka, ka ɗaga ƙafa daga totur ka ba ta fili, don tsakaninka da mutanen da ke cikinta babu komai sai tamfol.